Filashin da ya tafi Kusada

Aikin nan ya ba ni wahala, ba wani daɗi a cikinsa.

Ni a firamare na tsaya. Gyaran waya na koya a bakin tashar Kankia, daga nan na faɗa kwamfuta, ina lalube har na iya rubuta mata umarni. Wata ƙungiya a Katsina ta ba ni gyaran manhajar da ke tura wa manoman Yashe da Kafin Soli saƙon lokacin sa taki. In ka tura aiki, wata na'ura can wurinsu ke gwada shi da kanta. Ta nuna kore, an karɓa. Ta nuna ja, ka koma.

A kwamfutata komai kore. Wurinsu ja. Kullum magana guda: manhajar ta kira wani fayil da take dogaro da shi, ba a same shi ba.

Na sake rubuta layin da ke kiransa. Na goge aikin na sake turawa. Ja.

Injiniyar da ke duba aikina ta bugo.

"Malam, fayil ɗin nan ina ka aje shi?"

"Yana nan, Hajiya. Ga shi yana aiki gabana."

"To gabanka zan kai wa manoma? Damina ba ta jiranmu. In Juma'a ta yi bai wuce ba, wani za a ba."

Na ce to. Na riga na gaji.

Ran Laraba telan da ke maƙwabtaka da shagona ya zo aron filashi, akwai wa'azi a ciki zai kai wa surukinsa Kusada. Filashin nan kullum a soke yake jikin kwamfutar, don cikinta ƙarami ne. Mu nan ba a ƙona data a kan abin da wani ke da shi, a filashi ake zuba maka. Na zare na miƙa mashi.

Bayan la'asar na sake gwaji. Ja, a wurina ni ma, saƙo iri ɗaya.

Na zauna ina kallo. Ashe fayil ɗin a filashi yake tun ranar da aka zuba mani shi, bai taɓa shiga foldar aikin ba. Kwamfutata ta san hanyar zuwa can, na'urar Katsina ina za ta sani?

Na leƙa wurin tela. Ya ce ya baro filashin can, surukin bai gama kwafa ba.

"Ko da sauri ne, maƙwabci?"

Na ce a'a, ban san me ya sa ba.

Da safe ban buɗe shago ba. Na tare ɗan acaba, na ce mashi Kusada.