Ashe surukina nake yi wa faɗa a guruf

Jama'a, yau na jawo wa kaina!

Kun san ni ne shugaban guruf ɗinmu na masu karatun jami'a ta intanet. Akwai wani ɗalibi, baƙuwar lamba, ba suna ba hoto, kullum shi ke makarar mana da aiki. Da safe na tura masa saƙon murya: "Malam, in ba ka iyawa, ka koma gona!"

Da la'asar na je Rawayau gaida surukina. Na tuɓe takalmi, na durƙusa. Alhaji na ta latsa waya. Sai ga muryata, tar!

Ya ɗago ya ce, "Shugaba, daga gonar nake. Amma na tura aikin."

Ga ni na dawo Dutsin-Ma. Takalmina na Rawayau.