Firimo

Kawuna ya shekara arba'in yana amsa sunan da ba a yanka masa rago ba. Yana saurayi ya yi aikin hanya tsakanin Jega da Maiyama, ƙarƙashin wani Bature ɗan Italiya. Baturen ya kasa furta sunansa, sai ya tambayi ma'anarsa. Aka ce da Larabci yana nufin na farko. Ya ce su ma suna da irinsa, Primo, ana raɗa wa ɗan fari. Leburori suka mayar da shi Firimo.

Aikin ya ƙare, Baturen ya tafi, sunan ya zauna. A kasuwar albasa ta Aliero, inda kawu ya koma dillanci, kowa ya ɗauka daga Firimiya aka gutsuro shi, don haka suke masa kirarin mulki.

"Ranka ya daɗe Firimiyan albasa, yaushe za a yi muna kwalta?"

"In kun bar sa ruɓaɓɓa a gindin buhu," in ji shi, ba ya ko ɗaga kai.

Na taɓa bincika sunan. Asalinsa Latin ne, tsoho ne ƙwarai, ya ja baya a can Italiya, yanzu kuma wasu iyaye na komawa gare shi don gajartarsa. A Sabon Garin Jega ma na ga wani ɗan acaɓa ya rubuta shi a bayan babur, ya ce daɗin faɗi gare shi. Na kai wa kawu labarin a gidansa da ke Mungadi, lokacin ciwo ya kwantar da shi. Bai burge shi ba.

"Ɗan nan, aikinka ne karanta sanarwa a rediyo. Ran da nim mutu, ka faɗi wanda ubana yar raɗa min. Na gaji da na Nasara."

Na ce to.

Ya rasu da damina. A aikinmu ƙa'ida ce a ƙara "wanda aka fi sani da", don sanarwar da ba a gane mamacin ba ba ta da amfani. Na rubuta layin, na dube shi, na soke. Na karanta sunansa na yanka da na mahaifinsa sau uku a ranar.

Mutanen Mungadi sun zo. Daga Aliero ba wanda ya zo, har aka yi addu'ar bakwai. Matarsa ta yi ta duban ƙofa.

Bayan sati uku na bi ta kasuwar. Wani tsohon abokin dillancinsa ya riƙe min hannun riga.

"Ina Firimo yam maƙale?"

Na gaya masa. Ya yi salati, ya zauna a kan buhu.

"Wallahi na ji sanarwar. Har na ce Allah ya jiƙan bawan nan, ko wane ne."

Na ce ai kawun ne ya nemi haka. Sai ya ce in sake faɗa masa sunan, a hankali, don ya san wanda zai yi wa addu'a.