Ranar da Na Yi wa Baba Bayanin Zaren da Ba a Gani

Ko zan manta da komai, ban da safiyar da na tsuguna gaban Baba a bakin kogin Haɗejiya ina neman izinin tafiya karatu. Na gama digiri a kimiyyar fiziks, aka ba ni gurbin bincike a ƙasar waje. Baba masunci ne, yana kuma da doka guda: ɗansa, namiji ko mace irina, ba ya kama sana'ar da ya kasa yi masa bayaninta da Hausa. Yayana ma sai da ya zayyana masa cikin injin ban-ruwa kafin ya bar shi ya zama makanike.

Ni da rawar kaina na ɗauka abu ne mai sauƙi. Sai ga ni ina ta inda-inda, shi kuwa yana tufka igiya, ko kallona bai yi ba. Da ƙyar na ce masana suna hasashen in aka yi ta tsaga abu har ƙarshen ƙanƙanta, wani ɗan zare za a tarar yana karkarwa, kuma irin karkarwarsa ce ke bambanta ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi komai.

Ya ce, "Wannan ai tsohon labari ne. Ni ma in na ɗora yatsa a zaren ƙugiya, motsinsa ke gaya mini tarwaɗa ce ko karfasa. Sai me?"

Na ce bayan tsawo da faɗi da zurfi, wataƙila akwai wasu fuskoki a nannaɗe, sun yi ƙanƙantar da ba ma lura da su. Ya ɗaga igiyar hannunsa. "Mai saye tsawo kawai yake gani. Mai tufka ne ya san tana da murɗa." Na saki baki, don malamina bai taɓa faɗar ta da daɗi haka ba.

Sai ya jefo tambayar da nake tsoro. "An taɓa ganin zaren nan?"

Ƙarya ta zo har bakina, na haɗiye ta. "Ba a taɓa ba, Baba. Mai yiwuwa ma har in mutu ba a gani ba."

Ya ci gaba da tufka igiyarsa, ni kuwa na riga na sallama tafiyar. Can ya ce, "Da kin ce an gani, da na hana ki. Tun ina saurayi nake jefa taru a ruwan da ban ga ƙasansa ba. Je ki, Allah ya yi miki albarka."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Yau ɗalibaina kan tambaye ni irin tambayarsa, nakan ba su amsar nan ba kwana-kwana. A bakin kogin na koyi cewa faɗin "ban sani ba tukuna" ba ya rage wa mai ilimi daraja, ni ma shi ya buɗe mini hanya.