Abin da Bajamushe Ya Rubuta a Bayan Hoton Kawu

Mun tashi da asuba, amma tashi daga barci nake nufi, don yanzu babu mai hankalin da zai kama hanyar Tsafe da duku-duku. Mu uku ne: ni, da ƙanena mai motar, da taubashiyata, wato 'yar kawuna da ke aure a Bunguɗu, wadda ta kwana gidanmu a Gusau saboda tafiyar. Abu ɗaya ya fitar da mu. Za mu ɗauko Kawu daga ƙauyenmu da ke gefen 'Yandoto, mu kai shi wurin 'yarsa. Sau biyu 'yan bindiga suna shiga ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu a daminar nan, kusan kowa ya watse, shi kuwa tsoho ya ce ba inda za shi. Sau uku ana aika masa mota tana dawowa wayam.

A bakin gari muka tsaya tare da wasu motocin, muna jiran abin da duk matafiyin hanyar nan ya sani. In motocin da suka taso daga wancan ɓangaren sun fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, to hanya lafiya. In an yi rabin awa babu ko ɗaya, kowa ya juya gida. Muka sayi koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har sai da taubashiyata ta tambayi mai suyar ko da cokalin shayi take zubawa. Na yi dariya. Wajen ƙarfe takwas wata tirela ta ɓullo, ƙananan motoci biyu na bin ta, sai kowa ya tada injinsa.

Da can dutsen Kwatarkwashi nake kallo in na biyo nan. Wannan karon dawa nake kallo. Ta yi tsayi ta rufe gefen titi, kuma abin da ake yi wa hamdala a da, yanzu shi ke sa gabanka faɗuwa, don ba ka san wa ke cikinta ba. Ƙanena ya kashe rediyo, idonsa na kan fitilun direbobin da muke gamuwa da su. Taubashiyata ta ce bakina na motsi kamar na mai cin gyaɗa. Na ce mata addu'a nake yi, kuma har da ita a ciki duk da rashin kunyarta.

Sai da muka fara shiga Tsafe don jin labari. Kasuwa na ci, ga mangyaɗa, ga dankali, ga tsire yana ƙamshi, amma kowa ciniki yake yi yana waiwaye. 'Yan kabu-kabu masu haya da babur su ne jaridar daji, su muka tambaya. Wani dattijo a cikinsu ya ce mu shiga, amma ko me muke ciki ƙarfe biyu ta yi mana a kan kwalta. Bai ce don me ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Ƙauyenmu ya yi tsit. Ba ƙarar daka, ba kukan awaki. Muka iske Kawu a zaure yana tufkar igiya, kai ka ce ba abin da ke faruwa a duniya. Aka shiga gaisuwa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda na manta da su, ni kuwa ina satar kallon agogo. Ya sa aka dama fura, ya ce ba a magana da baƙo da ƙishirwa. 'Yarsa ta roƙe shi har ta yi kuka. Ya miƙe ya shiga ɗaki, ya fito da wani tsohon gwangwani.

Hoto ne a ciki, ya yi ja don tsufa. Kawu yana saurayi ya yi aikin ginar rijiyoyi da wani Bajamushe, ga Bajamushen nan a hoton tsaye da kakana, mahaifin Kawu, a bakin rijiyar garinmu. A baya akwai rubutu layi ɗaya. Kawu ya ce ya nuna wa malaman boko da yawa, kowa ya ce masa wannan ba Turanci ba ne.

“Sa'ad da yab ba ni,” in ji shi, “ya ce maganar tsohwahhinsu ta a kan tsuhwa, in na tsuhwa in sa a karanta min. To na tsuhwa. Mutumin ga bai taɓa yi min ƙarya ba, inda duk yac ce da ruwa, da ruwa. Kai da kash shekara talatin kana koyar da Turanci, hwaɗa min abin da yac ce, tsakaninka da Allah. Abin da yac ce shi za ni yi.”

Ni da Jamusanci sai kallo. Amma ina da tsohuwar ɗalibata da ke aikin likita a can ƙasar Bajamushen. Matsalar ita ce sabis, don a garin kaf wuri ɗaya yake kamawa, wani tudu a bayan firamare, fili fetal, wanda duk mai tahowa daga daji kai zai fara hangowa. Na hau, na ɗauki hoton rubutun na aika, na tsaya ina ɗaga waya sama. Can sai na ji ƙarar babur. Ban san lokacin da na kwanta rub da ciki a gonar gyaɗa ba. Ashe wani bawan Allah ne ya ɗauro buhu biyu da katifa, shi ma gudun yake yi. Ya yi mini sallama, na amsa daga kwance.

Saƙon murya ya shigo. Da Turanci ta yi maganar, don har yau tana tsorona tun zamanin da nake sa su tsallen kwaɗo in sun yi Hausa a aji. Ta ce karin magana ce da kowa ya sani a can. Ta juya mini ita zuwa Turanci, ta ga bai yi mata ba, ta sake jera kalmomin, ta ce har yanzu bai kai na asali zaƙi ba amma ma'anar ke nan: ba a tumɓuke tsohuwar bishiya a dasa ta a wani wuri.

Na rubuta mata cewa ta duba, ko maganar na da wata fuska. Ta amso nan take. Ta ce, Malam, ai kai ka koya mana cewa mai fassara ɗan aike ne, ba ya ƙari, ba ya ragi. Na dubi agogo, ɗaya da kwata.

Na sauko na iske su a zaure. Taubashiyata ta ciro ciyawa daga hulata, ko tsokana ba ta iya yi ba. Kawu ya ɗago ya ce, “Mi yac ce?”

Na dubi 'yarsa, na dubi ƙofar da babu ko sakatar kirki. Na ce, “Kawu, cewa ya yi, idan bishiya ta tsufa, a inuwar 'ya'yanta take hutawa.”

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce a ɗauko masa butarsa da bargonsa. Ya rufe ɗakinsa da kansa, ya tsaya ya dubi rumbunsa, ya shiga mota. Biyu saura minti biyar tayarmu ta taɓa kwalta.

Mun wuce rabin hanya sai Kawu ya ɗauko labarin hoton. Ya ce a shekarar da aka ɗauki hoton kakana ba shi da lafiya, Bajamushen ya yi ta fama ya koma Gusau da zama kusa da asibiti, tsoho ya ƙi. Shi ne mutumin ya yi dariya ya zaro biro. “Ni duk shekarun ga na zaci bayan tsoho yab bi,” in ji Kawu. “Ashe gargaɗi yay yi mai.” Na ji kamar in buɗe ƙofa in fita. Muka ratsa Gusau muka kama hanyar Sakkwato.

La'asar ta yi mana a Bunguɗu. An share masa ɗaki, an shimfiɗa sabuwar tabarma, ga tuwon dawa da miyar sure. Ya tambayi alƙibla, ya yi salla, ya ci loma uku ya ture kwanon. Da za mu tafi ya miƙo mini hoton da biro, ya ce in rubuta Turancin a ƙarƙashin na Bajamushe, don jikoki su riƙa karantawa bayan ba ransa. Na ɗora biro da niyyar rubuta abin da na faɗa masa. Hannuna ya ƙi. Abin da baki ya iya a cikin firgici, alƙalami bai iya ba. Na rubuta gaskiyar, yadda ɗalibata ta faɗe ta, na miƙa masa. Ya sa mini albarka.

Mun iso Gusau kafin magariba, lafiya lau, ko taya ba ta yi faci ba. Abin da tafiyar ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Na shekara talatin ina ɗaukar kaina mai gaskiya, ashe ba a taɓa gwada ni da tsoro ba ne. Ba na nadamar fito da shi, in aka mayar da ni zauren nan ina jin abin da zan sake faɗa ke nan. Amma an haɗa ni da Allah, na amsa, na kuma yi ƙarya.

Jiya taubashiyata ta kira ni. Ta ce Kawu ba ya cin abincin kirki, kullum yana bakin ƙofa yana tambayar masu wucewa ko dawa ta nuna. Ta ce babbar 'yarta da ke kwalejin horar da malamai za ta zo hutu, kuma tsoho ya ajiye hoton a ƙarƙashin matashinsa, ya ce ita za ta fara karanta masa. Ranar Juma'a za ta iso.