Ranar Da Muka Kai Ganga Ƙarshen Hanya

Abubuwa da yawa sun zube mani a hanyar tsufa. Na manta fuskokin wasu ƙawayena, na manta sunayen rijiyoyin da na sha ruwansu. Amma akwai rana guda da ba za ta fita raina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa: ranar da maigidana ya yi tseren gudu daga Kusada zuwa Kankia, ni kuwa ina tsaye gindin wata kuka da tsohon ciki, na riƙe hannun makaɗi na hana shi kiɗa.

Zamanin Turawa ne, shekarun da suke yaƙinsu can bayan teku. Mu muna wata 'yar unguwa kusa da garin Boko, ba mu san mafarin faɗan ba, amma sai da ya iso mu har ƙofar ɗaki. Ɗiban gwamna ake ce mashi. Sai a ce kowane gari ya ba da maza majiya ƙarfi, a kwashe su zuwa haƙar kuza a duwatsun Jos, inda sanyi ke shiga ƙashi. Wasu su dawo da tari, wasu sai labarinsu ya dawo. A shekarar nan mai unguwa ya kira maigidana, kansa a sunkuye, ya gaya mashi zagaye ya zo kan gidanmu. Shi kaɗai ne namiji a gidan. Uwarsa ta tsufa, dawa na tsaye a gona ba ta nuna ba, ni kuma ga cikin fari.

Ana cikin haka mai shela ya bi kasuwanni da wani labari. Motocin Turawa sun rasa mai da taya saboda yaƙin, don haka ana neman masu gudu da za su riƙa kai saƙo da ƙafa tsakanin garuruwa. Za a yi tsere daga Kusada zuwa Kankia, a ɗauki ukun farko. Wanda aka ɗauka ya shiga aikin hukuma ke nan, ɗiba ba ta kansa. Zai kwana gidansa, ya yi nomansa in babu saƙo.

Kowa ya ce ai maigidana ya tsira. Gwarzon noma ne, ba a gayya a ƙasarmu ba a kira shi ba. Ku na yanzu ba ku san gayya ba yadda muka san ta. Samari kan jeru bakin gona kowa da galmarsa, makaɗi na bayansu da gangar noma, kuma kowane gwarzo yana da takensa, wato kiɗan da aka yi don shi kaɗai. In aka buga takenka dole ka zabura ka wuce kowa, in ba haka ba ka sha kunya har gaban 'yan mata. Maigidana kuwa in ya ji nasa, jikinsa rawa yake yi, ba ya ganin kowa sai ƙarshen kunyar da yake nomewa. Makaɗinsa taubashina ne, ɗan gwaggona da aka aurar gidan makaɗa. Bawana nake ce mashi, shi kuma ya ce mani uwar son jiki.

To, masu niyyar tseren a unguwarmu suka ce bari su gwada kansu, daga ƙofar mai unguwa zuwa wani rafi mai nisa, su juyo. Abin da suka sani shi suka yi, suka kira ganga. Taubashina ya buga taken, maigidana ya tashi kamar an harba kibiya, mata muka yi ta guɗa. Ba mu san gona tana da iyaka da ido ke gani, hanya kuwa ba ta da shi ba. Tun kafin rafin aka iske shi kwance gindin gawo yana amai. Wani dattijon Bafulatani mai kiwo a bayan unguwarmu, wanda ya bi su don nishaɗi kawai, shi ya zo da 'yar sassarfarsa ya yi mashi sannu, ya je rafin ya dawo, ya sake yi mashi sannu.

Daga ranar masu gudun suka mai da gindin tsamiyar ƙofar gidanmu wurin zama. In an yi la'asar sai su taru, ƙafafu a miƙe, kowa na ba da labarin yadda hanya ta yi da shi. Ni nake kai masu fura, kuma ba na saurin komawa ciki. Wani mafarauci ya ce shi tsakuwa yake sawa ƙarƙashin harshe don kada miyau ya ƙafe. Wani da ya yi dako zuwa Kano ya ce sirrin duk a ɗaurin ƙugu yake. Wani ya nuna layar da ya ce tana naɗe ƙasa, aka tambaye shi ina take ranar da aka ɗauko shi a kan jaki. Aka yi ta dariya. Maigidana ne kaɗai ba ya dariya.

Dattijon nan, Baffa muke ce mashi, ba ya yawan magana. Sai da aka matsa ya ba da labarin ranar da shanunsa suka ɓalle, ya bi sawunsu tun hantsi har rana ta yi sanyi, bai tsaya ba sai wajen Yashe. Aka ce da wane magani? Ya ce babu.

"Ku yi gudun da za ku iya amsa gaisuwa a cikinsa," in ji shi. "In an ce maka sannu ka kasa cewa yauwa, ka ci na anjima tun yanzu. Sai ka rage."

Maigidana ya fara bin Baffa kowace safiya, suna zagaya daji a hankali kamar masu neman ɓatacciyar akuya. Numfashinsa ya daidaita, ƙafarsa ta koyi haƙuri. Amma wata rana da yamma taubashina ya wuce ta bayan gida yana gwada sabuwar fata, ya ɗan taɓa taken da wasa. Maigidana na cin tuwo, sai ga shi tsaye, ƙwaryar miya ta kife. Ya dubi miyar a ƙasa ya daɗe, sannan ya ce mani ciwonsa ba a ƙafa yake ba, a kunne yake. In aka buga ranar tsere, duk abin da Baffa ya koya mashi zai zube.

Na ce, "To, Maigida, me zai hana a kai gangar inda ake bukatarta? A can ƙarshe, inda ƙarfi ke ƙarewa."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

Shawo kan taubashina shi ne aiki. Ya ce makaɗan Yashe da na Tafashiya duk za su hallara a Kusada, shi kuma a ce ya je ya tsugunna a daji kamar mai tarkon kurciya? Ya ce tun kakanninsa ba a taɓa ɓoye ganga ba. Na ce mashi bawa ba ya musu da uwargijiyarsa, in kuwa aka tafi da mijina Jos, gidansa zan tare da ni da jariri da tsohuwa, ya ciyar da mu. Ya ce wannan masifar ta fi ƙarfinsa, ya yarda. Aka yi alkawari ba zai taɓa fatar ba sai maigidana ya shigo inuwar wata babbar kuka da ke gab da shiga Kankia. Ana gobe tsere taubashina ya ɗora ni a jaki muka tafi, muka kwana gidan dangi.

Abin da ya faru a Kusada ban gani ba, amma na ji shi sau da yawa har ya zama kamar ina wurin. Maza sun cika fili, kowa da warkinsa, ganguna na tashi ta ko'ina. Da aka ba da alama, kowane makaɗi ya buga wa gwarzonsa, fili ya watse da gudu. Abin da ba mu lissafa ba shi ne taken maigidana sananne ne. Wani makaɗin Tafashiya ya hango shi babu mai yi mashi kiɗa, ya ji tausayinsa, ya buga mashi don girmamawa. Maigidana ya ce ƙafafunsa suka tafi ba da izininsa ba. Sai ya ji murya a gefen kunnensa.

"Sannu, Kaɗo."

Baffa ne. Ya shigo tseren ba don yana son aikin ba, shi da ba ya barin shanunsa. Maigidana ya buɗe baki ya ji yauwar ta maƙale. Ya rage. Ya sake ragewa, har ta fito.

Kunyar da ya sha a wannan fili ya ce ta fi hanyar duka nauyi. Su biyu ne ƙarshe. Mutane na nuna shi, ana cewa ashe gwarzon ya ƙare. Wata mai tallan ƙosai ta ɗaga murya ta ce a bar shi, shi ya karɓar wa matarsa cikin. Yana ji, hawaye na zubo mashi, yana sassarfa. In an jima Baffa ya ce sannu, shi kuma ya ce yauwa. Rana na ɗagawa suka fara iske mutane, wani zaune bakin hanya ya riƙe ciki, wani na ɗingishi, wani kwance cikin gonar wake. Mai layar nan ma suka wuce shi, ya ce su gaida Kankia.

Mu kuwa muna gindin kuka tun hantsi. Taubashina na ta mita, ni ina ta addu'a, abin da ke cikina na ta motsi. Can sai ga mutum na farko ya wuce, wani siriri, ko kallonmu bai yi ba. Ba a jima ba na biyu ya bi shi. Saura gurbi guda. Sai ga na uku, wani ƙato mutumin Yashe, yana tangaɗi kamar zai faɗi, bakinsa a buɗe, amma yana tafiya. Ya wuce mu. Na dubi hanya, babu kowa.

Sannan na hango ɗigo biyu can nesa. Taubashina ya gane tafiyar kafin ni, ya ɗaga gula zai buga. Na cafke hannunsa.

"Sake ni, mutumin can zai shige gari."

"Ba su iso inuwa ba."

"Ke, mijinki za a kai Jos, ba ni ba."

Na san haka. Ina ganin bayan mutumin Yashe yana ƙanƙancewa, ina ganin nawa na tahowa a hankali kamar ba abin da ya dame shi. Ban taɓa riƙe abu mai nauyin hannun nan ba. Amma na ga abin da ya faru gindin gawo, na san in aka kira shi tun daga can zai amsa, kuma zai faɗi kafin gari. Na ƙanƙame hannun da hannuwana biyu, na rufe ido.

Da na buɗe, inuwar kuka na kan fuskar maigidana. Gumi ya wanke shi, leɓɓansa sun bushe. Ya dube mu, ya ce da muryarsa ta kullum, "Sannunku da rana."

Na saki hannun.

Na sha jin taken nan a gonaki, amma ban taɓa jin ya fito kamar ranar ba. Maigidana ya yi wata girgiza, ya tafi. Taubashina ya bi shi da gudu yana kiɗa yana kirari, rawaninsa ya warware ya bar shi a hanya. Baffa kuwa ya zauna gindin kukar ya ce in akwai ruwa in ba shi, nasa aikin ya ƙare.

Ban ga ƙarshen tseren ba. Muka biyo a hankali, ni a kan jaki, Baffa na ja. Muka ji guɗa ta tashi cikin gari, ba mu san ta wa ba ce. Na ce Baffa ya tsaya, muka kasa kunne. Guɗar ta lafa, amma gangar ba ta yi shiru ba, taken nan dai take ta maimaitawa. Makaɗi kuwa ba ya ci gaba da buga taken wanda aka kayar. Nan na sauko daga jakin na durƙusa a ƙasa na yi kukan da na daɗe ina riƙewa.

Da muka isa, na iske maigidana zaune ya tallabe kan mutumin Yashe yana ba shi ruwa. Ashe a bakin kasuwa ya wuce shi, ana ganinsu, ya zo na uku. Murnata ta ragu da na ga fuskar bawan Allah nan, don shi ma yana da mai jiransa a gida. An tafi da shi Jos. Maigidana ya riƙa biyawa ta gidansa in saƙo ya kai shi wajen, kuma da kaka ya tara gayya aka girbe masu dawa. Allah ya yi wa mutumin tsawon kwana ya dawo, da tari amma da ransa.

Maigidana shi ya yanke dawarmu, shi ya yi wa ɗiyarmu huɗuba a kunne. Ya yi ta kai saƙo har yaƙi ya ƙare. Masu gudun nan kuwa ba su bar gindin tsamiya ba har suka yi furfura, mutumin Yashe ma ya zama ɗan wurin, yakan zo ranar kasuwa. Tsere guda ne, amma kullum sai an sake yin shi da baki. Mutumin Yashe yakan ce ganga ta ci shi sau biyu, tasa ta cinye mashi ƙarfi a Kusada, ta wani ta cinye mashi gurbi a Kankia. Sai a yi dariya, har da shi.

Duk sun riga ni tafiya yanzu. Abin da ranar ta bar mani shi nake gaya wa jikokina in na ga ɗayansu ya ɗauko abu da zafi, karatu ne ko aure ko sana'a, mutane na zuga shi. Ba duk kiran da aka yi maka da sunan yabo ne za ka amsa nan take ba. Ka yi tafiyar da za ka iya amsa sannu a cikinta, ko ana yi maka dariya. In kuwa kai ne mai ƙaunar mai tafiyar, kada ka ƙarar da kiɗanka a wurin tashi, inda kowa ke da ƙarfi kuma kowa ke da masoya. Ka je can gaba inda hanya ta yi tsawo, inda babu kowa, ka nemi inuwa ka jira shi.