Filash ɗin da na ƙi karɓa a hannun Nazifi

Da safen nan ina ɗaure buhun taki a bayan babur aka kira ni, wai Nazifi ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai da na sa mai kiran ya maimaita sunan har sau biyu.

Nazifi na Ƙofa, mai shagon buga takardu da kwamfuta. Abokina tun muna kwaleji.

Kafin in taso daga Doguwa in isa, har an kai shi. Kabarin kawai na tarar, ƙasar ko bushewa ba ta yi ba.

Zan faɗi abin da ke cina, don ban san inda zan kai shi ba. Wata uku ke nan ba na yi masa magana, kuma a kan gem, wato wasan kwamfuta. Na san abin kunya ne ga mai 'ya'ya uku. Wanda zai yi mini dariya ya yi.

Shi ya koya mini wasan kwamfuta. Mun fara da irin wanda ake kashe mutum a wani tsohon gida, kai kuma ka bi ɗaki ɗaki kana tattara alamu har ka gano wanda ya aikata. Turancina bai kai nasa ba, sai ya zauna yana fassara mini, bai taɓa ƙosawa ba. In na roƙe shi ya faɗa mini mai laifin sai ya ce, "Habu, ai kana da ido. Dubi mutumin da kyau."

Da laftof ɗina ta mutu, tasa ya ba ni na riƙe sati biyar, shi yana fama da tsohuwar ta shago.

Daga baya muka koma wasan mulkin dauloli, irin na tarihi, wanda za ka ɗauki ƙaramar ƙasa a taswira ka rene ta ɗaruruwan shekaru. Muka yi wa kanmu doka: daula ɗaya, mu biyu. In sarkin da nake ja ya mutu, sai in kwafe wasan a filash in ba Nazifi ya ja magajinsa. In nasa ya mutu ya dawo mini da shi. Ranar kasuwar Tudun Wada muke haɗuwa wurin wani mai tsire, tunda nan ne tsakiya. Shekara biyu muna haka.

Ni sarkin yaƙi ne, kowa ya sani. Wata guda cur na yi ina fafatawa kafin in ci wani birni na bakin teku, kullum ina yi masa waya ina cika baki.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, ya ciro filash daga aljihu ya ce, "Sarkina ya mutu, layinka ne. Amma fa na yi sulhu. Na mayar musu da garin nan."

Raina ya ɓaci. A gaban mutane na ce masa, "Kai dai ko a wasa ma matsoraci ne."

Ya yi murmushi, ya sake miƙo mini. "Karɓa mana, Habu."

Na ce ya riƙe abinsa.

"To Allah ya huci zuciyarka," in ji shi. Ya mayar aljihu. Na hau babur na bar shi zaune a benci.

Sau huɗu ya kira ni bayan nan, ina kallon wayar har ta katse. A zuciyata wai bari ya ɗan ji a jikinsa, ai ranar kasuwa ba ta ƙarewa.

Yau Yaya Sale, wansa, yake gaya mini ciwon ƙoda ne, ya daɗe yana cinsa, ya hana a faɗa wa kowa. Zama ma gagararsa yake yi, rabin awa a gaban kwamfuta sai ya kwanta. Yaƙi a wasan nan kuwa sai ka shafe awanni a zaune. Shi ya sa ya yi sulhun. Yaya Sale ya ce masa ya haƙura da wasan mana, ya ce a'a, in ya tsallake layinsa Habu zai tambayi dalili.

Sai yanzu nake tunawa, ran nan silifas ne a ƙafarsa, ƙafar ta cika su fam. Tsiren ma ko yanka ɗaya bai ɗauka ba. Ni mai taƙama da gano alamu, ina zaune kusa da shi ina ta masifa a kan garin da babu shi a duniya.

Na shiga in yi wa Inna, mahaifiyarsa, gaisuwa. Tana ganina ta ce, "Habu, ɗan albarka, ka sha hanya. Kullum na tambaye shi ina abokin nan naka, sai ya ce damina ce, aikin gona ya riƙe ka. Allah ya bar zumunci."

Na durƙusa na ce amin. Bakina ya kasa faɗa mata gaskiya, kuma na san ba zan taɓa iyawa ba.

Mutane suna ta ce mini ai Nazifi ba ya riƙo. Na sani. Amma ban roƙa ba, ban kuma ji daga bakinsa ba, ba kuwa zan ji ba har in koma ga Allah.

Ya Allah ka jiƙan Nazifi, ka sa ciwon da ya ɓoye ya zama kaffara gare shi, ka yalwata kabarinsa, ka ba Inna juriya.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a. In da saura, ku roƙa mini Allah ya sa Nazifi ya riga ya yafe mini kafin ya cika.