Fuskar da Na Goge

Ban yi nisa a boko ba, amma tun ina yarinya hannuna ya iya zane, ni ce mai yi wa ƙawaye ƙunshi. Da aka kawo ni gidan miji, a wani ƙauye kusa da Ƙarfi, daka da girki suka cinye wannan. Abin da ya dawo mini da shi wata 'yar tsana ce da maigidana ya sayo wajen 'yan gwanjo a Funtua, ranar da ya kai masara kasuwa. Irin dogayen nan ne na roba masu siririn ƙugu. Gashinta ruwan ɗorawa duk ya cukurkuɗe, ido ɗaya ya kankare. Ya miƙa wa yarinyar, ta dube ta sau ɗaya, ta ruga bayan turmi.

Yarinyar da nake faɗa 'yata ce ta fari. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tsayawa kallonsa. Uwar mijina, da muke kira Inna, ita ke goya ta, ita ke dama mata fura. Ni kuwa Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannen mijina suna faɗa. Ina wuce ta a tsakar gida kamar 'yar maƙwabta, alhali ko tari ta yi sai na ji shi a ƙirjina.

Na ce bari in gyara 'yar tsanar ta daina ba ta tsoro. Na goge tsohuwar fuskar da ruwan goge jan farce. Na aske gashin, na dasa baƙin ulu da allura, tufka bayan tufka, har yatsana ya yi kanta, sannan na yi mata shuku. Ragowar fentin ƙofarmu na gauraya har ya koma kalar fatarmu. Tsinken tsintsiya na tattauna bakinsa ya yi laushi, da shi na ja gira. Wallahi ban yi niyyar kowa ba. Sai da na ɗaga ta a haske na ga girar hagu ta ɗan fi ta dama tashi, ga ɗigon baƙi a ƙarƙashin ido, ga tabon goshi na ranar da yarinyar ta faɗi kan dutsen murhu.

Yarinyar ta karɓe ta hannu biyu, ba ta ƙara sauke ta daga baya ba. Haka ta shiga da ita gidan suna a maƙwabta, tsakar gida cike da mata.

"Kai, ku zo ku ga ikon Allah!" in ji wata gwaggon mijina. "Wannan ai ita ce sak, har tabon!"

"Wa ya yi wannan aiki?"

"Uwarta mana."

"Au, mai kawar da kan nan? Ashe ta wutsiyar ido ake ƙare wa 'ya kallo!"

"Kunyar ɗan fari ai an sayar an sayi waya," wata ta ce, aka kwashe da dariya.

Na sunkuyar da kai. Dariyar ba ta dame ni ba kamar abin da nake kasa kunne in ji. 'Yar tsanar ta zaga hannu ya fi goma, ana duban ta ana duban yarinyar, ana yaba ido ana yaba hanci, babu bakin da ya ce tubarkalla.

Masara na goyo zazzaɓi ya kama ta. Inna ta ce, "Sauro ne, 'yar nan, damina ce." Amma da hantsi jikin ya sanƙare, ido ya juye. Maigidana ya tayar da babur, Inna ta goya ta suka nufi asibiti a Malumfashi. Babu wanda ya ce in zo, ni ma bakina bai iya tambaya ba. Ga masu noma a gona suna jiran abinci.

Na ɗora tukunya, na dawo na tarar da 'yar tsanar a kan tabarma, tana kallona da idon 'yata. Na ce a raina, ni na fitar da fuskar nan, ni na miƙa ta ga bakin mutane. Na jiƙa tsumma da ruwan goge jan farcen nan mai wari. Ido ya fara tafiya, sai gira, sai baki. Na yi ta murzawa har robar ta yi fari fat.

Bayan 'yan kwanaki suka dawo. An yi mata ƙarin jini, ta rame, wuya kamar zare. 'Yar tsanar ta fara nema. Ta juya ta gaba da baya, sannan ta tako har gabana, a gaban kowa.

"Yaya, ina idonta?"

Inna ta dubi robar, ta dube ni. Sannan ta shimfiɗa tabarma, ta zaunar da yarinyar dab da gwiwata.

"Ɗauko fentinki. Ga ta nan, dube ta da kyau, ba mai cewa komai. Tubarkalla masha Allah, na faɗa tun kafin ki fara."

Na dube ta. Ban taɓa kallon ta haka da rana tsaka ba. Kumatun sun faɗa, leɓen ya tsage, ga sawun allura a bayan hannu. Na kalla har Inna ta yi gyaran murya. Sannan na tsoma tsinke na zana wata fuska mai kyau, gira daidai, goshi sumul, wadda ba ta kowa ba ce a duniya.

Yarinyar ta jira fentin ya sha iska, ta ɗaga ta duba.

"Wannan ba ita ba ce," ta ce.

Ta ajiye ta a kan tabarma, ta lallaɓa ta hau bayan Inna.